Jan Ƙyalle a Masarar Baba

Akwai labarin da baffanku Ɗanjuma yake jin daɗin bazawa duk inda aka taru, gidan suna ko ɗaurin aure, wai ni ubanku na taɓa rasa aikin malamin gona saboda na zauna a gindin mangwaro na ƙago tsawon masara daga kaina. Shekara da shekaru yana faɗa kuna dariya, ni ma ina taya ku, don a lokacin ba ni da bakin magana. Yanzu Baba ya rasu, Inna ta bi shi, Allah ya jiƙansu, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini gargaɗi. Saboda haka ku karanta wannan babin a tsanake. Shi ma Ɗanjuma a karanta masa, tunda idonsa ya daina ganin komai sai tsokar nama a cikin miya.

Abin ya faru ne a shekarun da ruwan dam ɗin Bakolori ya fara gangarowa ta manyan magudanai har ƙasarmu ta Bakura. Kafin ruwan ya iso sai da katafila ta bi gonaki ta baje su, aka sake rabo. Baba ya samu fili shimfiɗaɗɗe kamar faifai, babu tsamiyar da kakana yake hutawa a ƙarƙashinta, babu kukar da ke nuna iyaka, babu ko kargo. Mutumin da a da idan ana gardamar noma a kasuwa ake cewa a je a tambayo shi, sai ya koma zaman zaure. Wata biyu yakan yi bai leƙa filin ba, in an tambaye shi ya ce shi bai gane gonarsa ba, ba ya kuma son ya shiga ta wani. Muna cikin wannan hali aka zaɓi filin nasa ya zama gonar gwaji, inda za a shuka sabon irin masara da rani, don yana bakin hanyar da kowa ke bi zuwa kasuwa. Aka kafa allo da sunansa a jiki. Baba bai iya karatun boko ba, amma ranar sai da ya sa na karanta masa allon sau uku, washegari kuma ya riga kowa fita da fartanya.

Ni a lokacin na ɗan taɓa sakandare, don haka aka ɗauke ni aikin wucin gadi na awo a gonar. Mu biyu aka ɗauka, ni a Bakura da wani Haruna ɗan Faru a ɓangaren Maradun. Shugabanmu, Mista Bulus, mutumin ƙasar Zuru ne mazaunin Mafara, siriri mai tabarau, Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Tun ranar farko ya gaya mana gurbi ɗaya ne a makarantar aikin gona, kuma wanda aikinsa ya fi tsabta shi za a tura kwas, ya dawo cikakken malamin gona da babur. Ban ɓoye muku ba, babur ɗin nan ya shiga raina. Har na zaɓi inda zan riƙa jingine shi a zaure.

Da masara ta yi mako biyu da fitowa, Mista Bulus ya zo da jajayen ƙyallaye ashirin, kowanne da lamba a jiki. Ya rubuta lambobin layuka da na taku a ƙananan takardu, ya zuba a hularsa, ya miƙa wa Baba ya ce ya ja ƙuri'a. Duk masarar da ƙuri'a ta faɗa wa, ita ake ɗaura wa ƙyalle, ita kuma za a riƙa aunawa kowane mako har ta yi kai. Komai ya tafi daidai sai da aka zo lamba bakwai, ta faɗa kan wata tsumburarriya mai ganye rawaya, a daidai bakin hanya inda ko makaho zai yi tuntuɓe da ita. Baba ya yi gyaran murya.

"Ranka shi daɗe, wagga ba ta da lahiya. Ga 'yar'uwatta nan kusa, ƙatuwa. Mi zai hana a ɗaura mata?"

"Baba, ƙuri'a ta riga ta zaɓa," in ji Mista Bulus. "In muka tsinci masu kyau, idonmu muka auna, gonar kuma ba mu san halinta ba. Kada ka wahalar da kanka, bar su yadda suke."

"To, madalla," in ji Baba.

Da ina da wayo a lokacin da na tsorata da wannan madalla. A gidanmu idan baƙo ya ce kada a wahala, kada a yanka kaza, ai kazar ta riga ta mutu. Baƙon kirki dole ya faɗi haka, mai gida na kirki kuma dole ya yi kamar bai ji ba. Baba ya ɗauki Mista Bulus a matsayin baƙo mai tarbiyya, har da yamma yana yabonsa a zaure.

Aikin ba shi da wuya. Kowace Litinin da safe nakan ɗauki rula doguwa in bi ƙyallayen, in auna daga ƙasa zuwa inda ganyen sama ya fito, in rubuta da santimita. Sai in tara tsawon guda ashirin ɗin in raba gida ashirin, abin da ya fito shi ne matsakaici. Sannan in ɗebe tsawon mafi gajarta daga na mafi tsawo, wannan ita ce tazara. Akwai wata takarda mai ƙananan gidaje kamar gidan dara, makonni a jere ta ƙasa, tsawo ta gefe, a kanta nake ɗiga matsakaicin kowane mako in haɗa ɗigon da na baya da fensir, har layi ya fito yana hawa. Giraf ake ce wa wannan zane. Ranar Talata in bi motar kasuwa in kai kwafe ofis a Mafara. Mista Bulus ya fi damuwa da tazarar nan fiye da komai. Yakan ce matsakaici yana gaya maka ko gida ya ci abinci, tazara kuma ita ke gaya maka ko akwai wanda ya kwana da yunwa a cikin gidan. Nakan gyaɗa kai, amma hankalina yana kan layin da ke hawa.

Inna ita ce ta fara adawa da aikin. A wurinta abin da ke girma ba a ƙirga shi, ba a auna shi, baki zai kama shi. Ko mu 'ya'yanta in an tambaye ta mu nawa ne, sai ta ce muna nan dai.

"In dole sai ka gwada masu sandan nan," ta ce, "to kowace guda ka ce mata tubarkalla. In masarar ubanka ta ƙone, kai da Bulus ɗinka."

Haka na riƙa yi, tubarkalla ashirin kowace Litinin. Mutanen hanya suna ganina ina sunkuyawa gaban jan ƙyalle ina motsa baki, ga masara kuma ta yi kore shar a tsakiyar rani, sai suka yanke hukunci cewa asirin yana cikin ƙyallen. Kafin mako biyu babu gonar da ba ta da ja a unguwarmu. An ɗaura wa barkono, an ɗaura wa albasa, wani maƙwabcinmu har jakinsa mai tari ya ɗaura wa. Wata tsohuwa ta tare ni ta ce don Allah in gaya mata addu'ar, ba za ta faɗa wa kowa ba. Na ce mata lissafi ne kawai, ta ce ai ta san ba zan faɗa ba.

Awo uku na farko layina yana hawa a hankali, tazara kuma tana ƙara faɗi, don lamba bakwai da wasu 'yan'uwanta uku sun ƙi motsi. A awo na huɗu sai ɗigo ya yi tsalle, har sai da na sake lissafin sau biyu. A na biyar ya ƙara wani tsallen. Tazarar da ta fi kamu ɗaya ta dawo ba ta kai tsawon yatsa ba, masarata ashirin sun tsaya kai ɗaya kamar sojoji, lamba bakwai ma ta warke ta yi ƙiba. Kaina ya kumbura. Mista Bulus ya tafi taro Sakkwato a makonnin nan, akawu kawai nake miƙa wa takarda, kuma a kan teburinsa na hango giraf ɗin Haruna, layi yana tafiya kamar sawun kaza, tazara hululu. Har tausayinsa na ji, na saya masa rake a tasha. Za ku ce yaya aka yi ban lura ba. To, masara ta yi tsawo ta rufe, ni kuma ja kawai nake bi ina tubarkalla, ban taɓa ƙirga taku daga bakin layi ba.

Litinin ta shida na yi sammako, don ina so in gama da wuri in tsara giraf da kyau, an ce ranar Laraba Mista Bulus zai kawo manoma su ga gonar. Ina shiga na hango hular Baba a tsakiyar masara. Na matsa na gaishe shi, sai na ga jan ƙyalle a haƙoransa, hannayensa kuma suna kwance wani. Ni ne ɗan farinsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba, kuma tsakaninmu magana ba ta wuce ta aike.

"Kai wancan, ka zo? Riƙa mani nan. Lamba tara ta yi lalaci wanga mako, na maishe ta ga wagga."

Na riƙe karan. Da ƙyar na ce, "Baba, waɗanda aka ɗaura wa tun farko fa, suna ina?"

"Awaki sun gode," ya ce. "Mutum za shi taso tun daga Mafara shi ga gona, a nuna mashi guragu? Tun mako ukku nike gyara maka. Kai dai yi awonka."

Ya ɗaure ƙyallen, ya ja baya ya duba, ya gyara shi yadda lambar za ta kalli hanya. Fuskarsa cike da jin daɗi, irin wanda rabona da gani tun kafin katafila. Sai na ji kaina ina cewa sannu da aiki.

Na ruga gida na sami Inna tana tankaɗe, na zayyana mata komai, har da cewa takardun mako biyu suna Mafara ba su goguwa, kuma masarar asali awaki sun riga sun cinye ta. Ta ajiye rariya ta yi dariya har da tari.

"To ai da sauƙi," ta ce tana share ido. "Tahi ka ce ma ubanka ya yi kuskure cikin gona. Ni dai shekara talatin ban ga wanda ya gwada ba, sai in fara gani gare ka."

Da ta ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Ta ce in ci tuwo tukuna, Allah zai kawo mafita. Na ci tuwon, mafita ba ta zo ba.

Ranar Laraba gona ta cika. Mai unguwa ya zo, manoma sun zo har daga Ruwan Gizo, Baba ya saka babbar rigarsa ta Sallah yana tsaye kusa da allo yana amsa gaisuwa. Mista Bulus ya sauka daga babur da takardu a hammata, bai yi murmushi ba, ya yafito ni zuwa bakin magudana mu keɓe. Amma a ƙasarmu ba a keɓewa. Baba ya biyo mu don shi ne mai masauki, mai unguwa ya biyo Baba, sauran jama'a suka biyo mai unguwa. Da Mista Bulus ya ga haka sai ya juya harshe zuwa Turanci, ya sassauta murya. Ya shimfiɗa giraf ɗina da na Haruna a kan sirdin babur, ya ɗora yatsa a kan tazarata. Ya ce a duk gonar da Allah ya yi, masara tana girma tazara tana buɗewa, don mai ƙarfi tana ƙara tsere wa raunana, tawa ce kaɗai a duniya take rufewa. Ya ce abu biyu ne. Ko dai wani ya taɓa ƙyallayen, in haka ne yau zai cire allon nan ya kuma bayyana wa manoma dalili don kada wani ya sake. Ko kuma ni ban auna komai ba, na zauna na rubuta abin da nake so.

Baba yana gefe yana kallon zanen yana gyaɗa kai, don ko jahili ya ga layina ya fi na Haruna kyau. Ya taɓa hannun Mista Bulus.

"Ranka shi daɗe, a hwaɗi da Hausa, mu ma mu sha daɗi."

Na dubi Baba da rigar Sallarsa. Na dubi allon. Na dubi mutanen da shekara biyu suna wuce zaurenmu ba su tsaya ba, yau sun taru suna jiran ya yi magana. Na san in aka ambaci ƙyalle da Hausa, Baba da kansa zai ɗaga hannu ya ce shi ne, yana alfahari, kuma kafin la'asar labarin ya kai Maradun. Ban yi wani dogon tunani ba, kada ku ɗauke ni waliyyi. Bakina ne kawai ya riga Mista Bulus.

"Ni ne," na ce da Hausa. "Ban auna ba. A gindin mangwaro na zauna na rubuta."

Ku lura, tun da katafila ta wuce babu bishiya ko ɗaya a wannan fili, balle mangwaro, sai ka yi tafiyar rabin awa kafin ka sami inuwa. Mutum fiye da talatin suna tsaye cikin rana suna zufa, babu wanda ya tambayi inda mangwaron yake. Salati kawai aka ɗauka. Mista Bulus ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Ya juya ya kalli masarar, ya kalli Baba, ya sake kallona. Har yau ina zaton ya gane. Amma ni na faɗa da bakina a gaban mai unguwa, shi kuma mutum ne da ba ya rubuta abin da ba a auna ba. Ya naɗe takardunsa ya ce allo zai tsaya, za a auna amfanin gonar in an girbe, awon tsawo kuwa ya lalace. Daga nan ya zagaya da manoma, Baba yana gaba yana nuna masu masara, amma muryarsa ta dushe.

Haruna aka tura kwas, kuma ya cancanta. Ranar da na ji, na shiga bayan rumbu na yi kuka kamar yaro, ba na jin kunyar faɗa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ya kuma daɗe yana yi. Shekara biyu bayan nan Haruna ya riƙa wucewa ta ƙofar gidanmu a kan babur yana ɗaga mini hannu, ni kuma ina tafe a ƙasa zuwa firamaren da na samu koyarwa, inda na ƙare rayuwar aikina ina koya wa yara tarawa da rabawa. Amma wannan duk daga baya ne. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yammacin ranar Larabar, da Baba ya kira ni tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba. Inna tana bakin murhu, Ɗanjuma yana laɓe yana tara abin da zai ci shekara arba'in yana faɗa. Baba bai ɗaga murya ba.

"Ni ina tashi tun assalatu," ya ce, "ina bin masara guda guda ina zaɓa maka na ƙwarai, raɓa tana jiƙa ni. Na ɗauke maka rabin aiki. Kai naka ɗai shi ne ka aza sanda ka rubuta. Shi ma ba ka yi ba?"

Inna ta cusa gefen mayafi a baki ta shige ɗaki da sauri, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ita ma ina jin ba ta sani ba. Ni kuwa na durƙusa na ce a yi haƙuri.

Masarar ta yi kyau a girbi, allon ya shekara uku a wurin, Baba ya koma mutumin da ake cewa a je a tambayo. Sau da yawa na yi niyyar gaya masa. Amma da farko raunin sabo ne, daga baya kuma ya tsufa, kuma kullum in na shirya maganar sai in ga babu yadda za ta fito ba tare da ta ƙwace masa shekarun nan ba. Inna ta riƙe bakinta har kabari. Shi kuma bai sake tayar da zancen ba, sai dai duk sanda zan auna masa hatsi a rumbu yakan zo ya tsaya a kaina.

A ciwonsa na ƙarshe, wata rana bayan la'asar, ya ce kowa ya fita a bar ni. Lokacin ina da furfura, ku manyan kun riga kun yi aure. Na zauna a bakin gadon ina jiran wasiyya a kan gona ko gida. Ya kama hannuna, ya daɗe yana numfashi.

"Maganar masaran nan," ya ce. "Ta daɗe tana ci mani rai. Ba ni son in tahi da ita. Yaro ne kai lokacin. Na yahe maka."

Na ce, "Na gode, Baba."

"Amma kada ka sake."

Na ce masa ba zan sake ba.